Daga jirgin roba na 1871 zuwa jirgin batiri: tarihin ƙaramin jirgin sama mai telekomandi

 Yau tarihinmu ya ɗan kauce daga na sarakuna da yaƙe-yaƙe. Za mu yi maganar ƙaramin jirgin sama ne, wanda ake haɗawa da hannu, a sa masa batiri, mutum ya tsaya ƙasa da telekomandi yana tuƙa shi.

Da yawanku kun ga bidiyo a WhatsApp ko TikTok: saurayi ya haɗa jirgi da kwali da farin soso, ya kai shi fili, yara na bin shi da ihu. Wani ya tashi, wani ya faɗi nan take. Kayan haɗinsa kuma yanzu ana iya yo odarsu daga Sin kamar kayan salula. Iyaye sun rabu biyu, wasu na cewa wasan banza ne, wasu na tsoron abin da zai jawo wa yaro. Duk mai son ya yi hukunci, ya fara jin inda abin ya fito, don kowace ƙa'ida da masu wanga wasa ke bi yau, sai da aka yi asara kafin a gano ta.

Farkon labarin a Faransa ne. Akwai wani saurayi, Alphonse Pénaud, haifaffen 1850, da ya so shiga sojan ruwa, amma ciwon ƙugu ya hana shi, da sanduna yake tafiya. Ranar 18 ga Agusta 1871 ya kai wani ɗan jirgi lambun Tuileries a Paris, gaban masana. Tsawonsa kamar rabin mita, nauyinsa giram 16 kacal. Injinsa zaren roba ne da aka murɗa, in an sake shi sai ya juya farfelar da ke baya. Jirgin ya yi mita 40 cikin daƙiƙa 11, ya sauka lafiya lau.

Abin da ya ba mutane mamaki shi ne yadda ya tafi a miƙe, ba wanda ke riƙe da shi, bai kifa ba. Pénaud ya lanƙwasa bakin fukafukan sama kaɗan, don in iska ta karkata shi gefe ya komo da kansa. Ya sa masa ƙaramin fiffike a wutsiya, ya kuma auna inda nauyin jirgin zai zauna. Har gobe darasin farko ke nan ga mai haɗa jirgi. In ka gama haɗawa, ka sa batiri a mazauninsa, sai ka ɗora jirgin bisa yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na faɗinsa daga bakin gaba. Ya kamata ya tsaya daidai, ko hancinsa ya ɗan sunkuya. In wutsiya ce ta rinjaya, kada ma ka gwada tada shi: zai ɗaga hanci, iska ta kuɓuce wa fukafukan, ya faɗo. Mafi yawan jiragen da muke gani a bidiyo suna faɗuwa a daƙiƙar farko, matsalarsu ke nan. Maganinta kuwa sau da yawa matsar da batiri gaba ne da yatsa ɗaya ko biyu.

Pénaud bai ci moriyar aikinsa ba. Ya zana babban jirgi mai ɗaukar mutum, bai samu mai tallafa masa ba, ya kashe kansa a 1880 yana ɗan shekara 30. Amma kafin nan, a 1878, wani limamin coci a Amurka, Milton Wright, ya kawo wa ƴaƴansa tsarabar abin wasa mai tashi da roba, ƙirar Pénaud. Yaran, Wilbur mai shekara 11 da Orville mai 7, suka yi ta wasa da shi har ya lalace, sannan suka zauna suka ƙera nasu. Su ne suka girma suka buɗe shagon kekuna a Dayton, kuma su ne ranar 17 ga Disamba 1903 suka tada jirgin farko mai inji ɗauke da mutum. Tashin farkon nan mita 37 ne cikin daƙiƙa 12. Ku duba fa, bai ma kai nisan ɗan jirgin robar Pénaud ba. To duk uban da ya ga ɗansa na fere karan dawa yana haɗa mota ko jirgi, ya tuna da wanga tsaraba.

Matsala ta biyu ita ce nauyi. Tun da wuri an so a yi amfani da lantarki a sama. Ranar 9 ga Agusta 1884, hafsoshin Faransa biyu, Charles Renard da Arthur Krebs, suka tada wani dogon balan-balan mai suna La France da injin lantarki. Suka yi kilomita 8 cikin minti 23, suka komo daidai inda suka tashi. Sai dai batirinsa kilo 435 ne, ya fi buhu huɗu na gero. Balan-balan na iya ɗauka, tunda iskar gas ke riƙe da shi. Jirgi mai fukafukai kuwa ba zai iya ba. Saboda haka injin mai ya mamaye fagen, manyan jirage da ƙanana, shekaru da dama.

Matsala ta uku ita ce tamu ta ƴan rediyo: yaya za ka ba abu umarni daga nesa ba tare da waya ba? A 1898, a birnin New York, Nikola Tesla ya nuna wa jama'a ƙaramin jirgin ruwa cikin kwatami yana juya shi da igiyar rediyo. Kafin abin ya hau sama da kyau sai da aka kusa shekara 40. Waɗanda aka fi tunawa da su tagwaye ne ƴan Kalamazoo ta jihar Michigan, Walt da Bill Good. Walt gwanin haɗa jirgi, Bill gwanin rediyo. Wajen 1937 suka haɗa ƙarfi suka yi jirginsu mai suna Guff, suka ci gasar ƙasa ta Amurka sau da dama da shi. Yanzu haka yana ajiye a gidan tarihin jiragen sama na Smithsonian a Washington.

Kayan wancan zamani sai mai haƙuri. Rediyon na fitilu ne irin na tsofaffin akwatuna, ga nauyi ga cin batiri. Jirage da yawa abu guda kawai ake iya juyawa, wato filafilin wutsiya. Maɓalli ɗaya ne a hannunka: in ka danna ka riƙe ya yi dama, in ka danna sau biyu ya yi hagu. In ka ɓata lissafi, shi ke nan, sai a je tsintar itace. Ƙirƙiro taransisto a 1947 ya rage girman kayan, kuma a shekarun 1960 aka samu telekomandi irin na yau mai sanduna biyu, wanda gwargwadon yadda ka tura sanda, gwargwadon yadda filafilin zai motsa.

Tun a lokacin soja suka sa ido a kai. A 1935 Ingila ta fara amfani da jirgin Queen Bee mara matuƙi, don masu harbo jirage su koyi saiti. A Amurka kuma wani ɗan fim ɗan asalin Ingila, Reginald Denny, wanda ke da shagon sayar da jiragen wasa a Hollywood, ya shiga ƙera wa soja irinsu. Kamfaninsa Radioplane ya yi kusan 15,000 a Yaƙin Duniya na Biyu. A ma'aikatar nan ne wani mai hoton soja ya ɗauki wata ma'aikaciya, Norma Jeane, wadda daga baya duniya ta sani da Marilyn Monroe. Na kawo wannan ne don mu gane cewa tun asali wanga abu fuska biyu gare shi, ta wasa da ta yaƙi. Jami'in tsaron da ya ga abu na shawagi a sama ya tsargu, ba ƙauyanci ya yi ba.

Akwai wata wahala da ta daɗe tana damun masu wasan, wadda mu a gidan rediyo muka sani sarai. Kun san yadda in tasha biyu suka matsi juna a FM, murya ke hawa kan murya. Haka telekomandi yake a da. Kowa da mitarsa, a Amurka wajen megahaz 72, a yawancin Turai 35, a Faransa 41, kuma ɗan ƙaramin dutsen kwaz da ake cusawa cikin na'urar shi ke tsaida mitar. In mutum biyu suka kunna a mita ɗaya, jirgin da ke sama sai ya rikice ya faɗo, ko kan wa. Shi ya sa kowane filin wasa yake da allo mai ɗauke da ƴan maƙalai irin na shanya, kowace da lambar mita. Sai ka ɗauko ta ka maƙala a eriyarka kafin ka kunna. In babu ita a allon, ka zauna ka jira, ko kai wane ne. A 2005 kamfanin Spektrum ya fito da telekomandin jirgi mai aiki a gigahaz 2.4, mitar Wi-Fi, inda kowace na'urar karɓa ke sanin muryar telekomandinta ita kaɗai. Allon maƙalai ya zama tarihi, amma wata ƙa'ida ta wancan zamani ta tsaya: telekomandi ake fara kunnawa, sandar gudu a ƙasa, sannan a haɗa batirin jirgi. In an gama kuma, batirin jirgi ake fara cirewa. Ba a barin jirgi da wuta alhali ba mai ba shi umarni.

To mu koma ga lantarki. A 1957 wani kanar na Ingila, H. J. Taplin, ya tada jirginsa Radio Queen da injin lantarki da batirin azurfa mai tsada, kuma shi ake lissafawa a matsayin na farko da aka rubuta a hukumance. A Jamus, Fred Militky na kamfanin Graupner ya fito da Silentius a 1960, ƙaramin jirgin lantarki da kowa ke iya saye ya haɗa, ko da yake shi ba a tuƙa shi, sakin shi ake yi. Militkyn nan bai tsaya nan ba. Ranar 21 ga Oktoba 1973, a Ostiriya, jirgin da ya haɗa da Heino Brditschka ya tashi da mutum a ciki da ƙarfin batiri, karo na farko ga jirgi mai fukafukai. Shekara guda bayan haka, ranar 4 ga Nuwamba 1974, a Kalifoniya, jirgin Sunrise na kamfanin ƴan uwa biyu, Robert da Roland Boucher, ya tashi da hasken rana. Shi ma da telekomandi aka tuƙa shi. Kun ga sau biyu ke nan masu ƙananan jirage ke buɗa wa manya hanya.

Duk da haka, har shekarun 1990 jirgin batiri abin dariya ne a filayen wasa. Batirin nikel nauyi gare shi, minti kaɗan ya mutu. Abu uku suka juya lamarin. A 1991 Sony ta fara sayar da batirin litiyom, dangin wanda ke cikin salularku, kuma a farkon shekarun 2000 irinsa mai laushin jaka, da ake kira LiPo, ya shigo hannun masu jirage. Sai injin da ba ya da gawayi, mai ƙarfafan maganaɗisu, wanda ba ya cinye kansa kamar na injin haƙa. Da yake da farko yana da tsada, masu wasan sai suka riƙa ɓalle injin na'urar faifan CD ta tsohuwar kwamfuta, su warware wayar, su sake naɗa ta da hannu. Masu gyaran rediyo da naɗin fanka na kasuwanninmu, wannan aikinku ne tsaf. Na ukun shi ne farin soso mara nauyi, irin wanda ake samu cikin kwalin firji, da ya maye gurbin itacen balsa. In ya karye, gam ya ishe shi. Daga nan jirgin da a da sai mai hali, ya zama abin da ɗalibi zai iya tara kuɗinsa.

Jirgin koyo na yau kayansa ba su da yawa: jiki da fiffike, inji da farfela, na'urar daidaita gudun inji, na'urar karɓar saƙo, ƙananan injina biyu ko uku masu jan filafilai, batiri, sai telekomandi. Mai farawa ya nemi wanda fiffikensa ke bisa jiki, mai tafiya a hankali, ya bar masu kama da jirgin yaƙi sai hannu ya faɗa. Batiri guda kan ba da minti goma zuwa goma sha biyar.

Sauƙin nan ya zo da nasa haɗari, kuma nan nake son iyaye su buɗe kunne. Injin mai sai an tada shi, kowa na jin ƙararsa. Na lantarki shiru yake, amma da zarar batiri na haɗe, taɓa sanda kaɗan ya isa farfela ta zabura, kuma tana yanka yatsa har ƙashi. Saboda haka duk gyara da gwaji a ɗaki, a cire farfela tukuna. A kuma saita na'urar yadda in saƙo ya yanke, inji zai mutu da kansa.

Batirin LiPo kuwa ba kamar na tocila ba ne. Kowane ɗaki nasa bolt 3.7 ne, cikarsa 4.2, kuma ba a barin shi ya sauka ƙasa da 3. In aka wuce iyaka wajen caji, ko aka huda shi, ko ya bugu a faɗuwa, yana iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa. Yana da cajarsa ta musamman mai daidaita ɗakunan, ba a haɗa masa ta salula ko ta babur. Ba a sa shi caji a tafi masallaci ko a kwanta barci. A sa shi cikin tukunyar ƙasa ko bisa siminti, nesa da katifa da zana da bidon mai, da bokitin yashi a kusa. A ƙasarmu da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, kada a bar shi cikin mota ko ƙarƙashin kwano da rana. In ya kumbura kamar fanke, kwanansa ya ƙare, kada a ce bari a ƙara mora. In za a ajiye shi kwanaki, a bar shi wajen bolt 3.8 a kowane ɗaki.

A fili kuma, a zaɓi wuri buɗaɗɗe, nesa da gidaje, kasuwa, makaranta, garken dabbobi da wayoyin NIGELEC. Da sassafe ko da marece ya fi, lokacin da iska ta kwanta. Ranar da hunturu ke busowa da ƙarfi a haƙura. Kafin tashi a matsa nesa da telekomandi a tabbata saƙo na kaiwa, a kuma duba kowane filafili na bin sanda ta inda ya dace. Ana tashi ana sauka ne fuskantar iska. Ƴan kallo su tsaya bayan mai tuƙi. Abin da ke kada sabon hannu shi ne in jirgi ya juyo yana fuskantarka, damarsa ta zama hagunka, don haka a fara da wanda ya iya a gefe, ko a yi ta koyo da manhajar kwaikwayo a kwamfuta. Bayan sauka a yashi a duba inji, don maganaɗisunsa na jawo ɓarɓashin ƙarfe da ke cikin ƙasa.

Saura maganar hukuma, wadda a halin da muke ciki ta fi duk sauran nauyi. A Disamba 2018, rahoton ganin jirage marasa matuƙa ya sa an rufe filin jirgin Gatwick na Ingila daga 19 zuwa 21 ga wata. Tashi da sauka kusan 1,000 suka lalace, matafiya wajen 140,000 suka maƙale. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta kayyade mita 120 a sama, kuma dole jirgin ya kasance inda idonka ke ganinsa. Amurka ma kusan haka ne. A nan Nijar, hukumar da ke kula da zirga-zirgar jiragen farar hula ita ce ANAC, a Yamai, kuma ita ya kamata a tuntuɓa game da izini. Shawarata ga kowane matashi: kada ka kusanci filin jirgi, barikin soja, shingen bincike, gidan gwamna ko bakin iyaka, ko da jirginka na kwali ne. Kafin ka tada shi ko a bayan gari, ka je ka sanar da jandarma ko ƴan sanda na wurin, da mai gari ko mai unguwa, su ga abin da idonsu. Wanda ke gadi da bindiga ba shi da lokacin tantance na wasa da na gaske, kuma in an kama ka ba kai kaɗai za ka sha wahala ba, har da iyayenka.

Kada wannan ya sa a ce a hana yara baki ɗaya. Muna da misali a gida. Abdoul Aziz Kountché, ɗan Nijar da ya faro daga sha'awar ƙananan jirage, ya kafa kamfanin Drone Africa Service a Yamai. A 2016 jirgin da ya ƙera ya ɗauki hotunan sansanonin Sayam Forage da Kablewa a jihar Diffa, don hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta samu taswirar da za ta tsara ruwa da makewayi da matsuguni. A shekarar nan kuma kamfanin Zipline ya fara kai jini asibitocin karkara a Ruwanda da jiragen batiri masu fukafukai, ya shiga Gana a 2019, ya iso Kaduna a 2022. In ka buɗe cikinsu, dangin kayan da muka lissafa ne: batirin litiyom, injin lantarki, saƙon rediyo, da nauyin da aka auna daidai. Duk wanda ya san yadda hanyoyin ƙauyukanmu ke yankewa da damina, ya san amfanin da irin wannan zai yi wa mace mai naƙuda da ke jiran jini.

Don haka kira na ga malaman kimiyya na sakandare da na makarantun koyon sana'a, da jami'o'inmu na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai: a tara yaran nan wuri guda, a nema masu fili da izini a hukumance, a sa babba a kansu. Yaron da ke ɓoye yana caja batiri ƙarƙashin katifa don tsoron faɗan uba, ya fi zama haɗari bisa wanda ke koyo gaban malami da sanin hukuma.

In a garinku akwai matashin da ke wanga aiki, ku isar masa da rubutun nan, ku kuma karanta wa iyayensa. Allah ya tsare mana ƴaƴanmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Sai mun haɗu a tarihi na gaba, in Allah ya kai mu.